WASAN DA BA YA JIRAN KOWA: LABARIN DUNGEON MASTER DA GADON DA YA BARI

Ran 15 ga watan Disamba na shekarar 1987 wani ƙaramin kamfani mai suna FTL Games, wanda ke birnin San Diego a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya fitar da wani wasan kwamfuta a kan faifai ƙwaya ɗaya tak, ya sa masa suna Dungeon Master, watau Ubangidan Kurkuku. Mutanen da suka yi aikin ba su fi a ƙirga su da yatsun hannu ba, na'urar da aka yi wasan dominta kuwa, watau Atari ST, yau sai a gidan adana kayan tarihi ko a wurin masu tara tsofaffin kaya. Duk da haka kusan duk wanda ya taɓa riƙe wasan jarumta a kwamfuta ko a wayar hannu ya ci moriyar wani abu da aka gwada a cikin wannan faifai, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

KAFIN ZUWANSA

Asalin irin waɗannan wasanni ba a kwamfuta yake ba. Cikin shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka buga littafin ƙa'idojin wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda abokai kan zauna a tebur su yi da takarda da fensir da 'ya'yan caca. Kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya kuma ya zama mai ba da labari, yana faɗa musu abin da suka tarar a cikin wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa mai cike da dodanni da dukiya. Da ƙananan kwamfutoci suka fara shiga gidajen mutane sai masu tsara manhaja suka kwashe wannan tsari suka zuba a ciki. Ta haka aka sami Wizardry da Ultima a 1981, da The Bard's Tale a 1985.

A cikin waɗannan wasanni bi da bi ake yi, kamar yadda ake buga dara. Mai wasa ya zaɓi abin da kowane jaruminsa zai yi, na'ura ta yi lissafi, ta rubuta masa sakamako, sa'an nan ta dakata. Ko da dodo ya ɗaga takobi, mutum na iya tashi ya je kasuwa ya komo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Gaskiya ne a 1982 an yi wani wasa mai suna Dungeons of Daggorath wanda dodanninsa ba sa jira, amma zanensa layuka ne kawai, kuma sai an rubuta kowane umurni da haruffa. Ba a sami wanda ya haɗa gudun lokaci da cikakken hoto mai launi da sauƙin sarrafawa wuri guda ba sai da mutanen San Diego suka zo. In wasannin farko dara ne, to nasu dambe ne, inda wanda ya tsaya tunani yakan farka a ƙasa.

MASU AIKIN

Samari biyu ne suka fara tunanin, Doug Bell mai tsara manhaja da Andy Jaros mai zane. Sun soma ne a kan kwamfutar Apple II, suna kiran wasan nasu Crystal Dragon, amma kuɗi ya gaza musu. Cikin 1983 suka haɗa kai da Wayne Holder, mai kamfanin FTL. Da Atari ST ta fito a 1985 sai aka jingine aikin kurkukun, aka sa su mayar da wani wasan kamfanin mai suna SunDog zuwa sabuwar na'urar. Wannan jinkiri ya zama alheri, domin a nan ne suka laƙanci na'urar ciki da waje. Da suka koma kan wasansu sai suka bar Apple II ɗungum, suka sāke rubuta shi daga tushe. Dennis Walker ya shigo ya taya Bell aiki, Mike Newton ya ƙera manhajar da aka gina hawa-hawan kurkukun da ita, Holder ya ɗauki sha'anin sauti, marubuciya Nancy Holder kuma ta rubuta labarin da ke cikin ɗan littafin da ake sayarwa tare da faifan.

Ya kamata mai karatu ya san ƙuncin wurin da suka yi aiki a ciki. Ma'adanar Atari 520ST kilobayit 512 ce, launi 16 kaɗai take iya nunawa a lokaci guda, faifan kuma bai kai rabin megabayit ba. Hoto ɗaya da ake ɗauka da wayar hannu a yau ya fi dukan wasan nauyi. A cikin wannan ɗan wuri suka cusa hawa 14, kowane a ƙarƙashin ɗan'uwansa, da dodanni iri-iri da tarkuna da kacici-kacici da sauti.

ZAUREN MADUBAI

Labarin wasan gajere ne. Wani babban matsafi da ake kira Grey Lord ya nemi mallakar wani lu'ulu'u mai iko da ke cikin dutsen Anaias, gwajin ya ɓaci, ya rabe gida biyu: Librasulus sarkin tsari, da Chaos sarkin hargitsi. Mai wasa shi ne Theron, almajirin matsafin, wanda aka aika ya nemo Sandar Wuta a cikin kurkukun. Da yake Theron ba shi da jikin da zai yi yaƙi da shi, tilas ya nemi waɗanda za su zama hannuwansa.

A nan ne wasan ya fara nuna bambancinsa. A sauran wasanni mutum kan fara da cika jadawalin lambobi kafin ya ga kome. A Dungeon Master kuwa ƙofa ce ke buɗewa, mutum ya shiga wani zaure mai lunguna, a bangonsa an rataye madubai 24, a cikin kowane akwai kurwar wani jarumi da ya riga ya halaka a wurin. Akwai Halk, ƙato mai ƙarfi wanda bai san kome na tsafi ba, akwai Tiggy, 'yar mitsitsiya mai rauni amma mai baiwar sihiri, har da Hissssa mai siffar ƙadangare. Mai wasa zai zaɓi huɗu, ko ya tashe su da sunansu da gwanintarsu, ko ya ba su sabon suna su fara koyo daga farko. Biyu ke tsayawa a gaba su yi sara, biyu a baya su yi jifa ko tsafi.

HANNU A CIKIN HOTO

Abin da ke bayyana a fuskar na'ura shi ne abin da idon jaruman ke gani: dogon lungu na duwatsu yana shigewa cikin duhu. Ana tafiya taki ɗaya ɗaya, ana juyawa dama ko hagu. Alamar linzamin kwamfuta kuwa hannu ce. In mutum ya ga mabuɗi a ƙasa sai ya miƙa hannun ya ɗauka, ya kai shi ramin kuba a bango, ƙofa ta ɗaga da ƙara. In ya ga gurasa ya kai ta bakin hoton jarumi, ya ci. In ya ga maɓuɓɓugar ruwa ya cika salka. In ya ɗauki dutse yana iya wurga shi cikin lungu ya ji inda ya faɗi. Takobi a hannu ake sa shi, kwalkwali a ka, takalmi a ƙafa, duka a kan hoton jikin jarumin. Yaro da bai iya karatu ba yana iya gane wannan cikin minti kaɗan, abin da ba ya yiwuwa a wasannin da suka gabata.

Duk wannan kuwa lokaci na tafiya. Bakin wutar da jarumi ke riƙe da shi don haska hanya yana cinyewa sannu a hankali, hoto na ƙara duhu har ya zama ba a ganin kome. Yunwa da ƙishirwa na kama jaruman. Wanda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa yakan rage wa ayarin sauri. In sun kwanta barci don su huta, dodo na iya zuwa ya tashe su da duka. In mutum ya buɗe jaka yana neman magani, abin da ke bin sa ba ya tsayawa, sai fa in ya dakatar da wasan baki ɗaya. Wasan bai zo da taswira ba, saboda haka masu yin sa kan ajiye takarda da fensir kusa, suna zana kowane lungu da hannu ɗaya, ɗayan na kan linzami, kunne kuma na sauraron motsi.

Dodannin ma kowane da halinsa. Akwai gawarwaki naɗe da likkafani da ke tasowa da ƙara, akwai wata halitta mai kama da laimar kwaɗi wadda in an kashe ta ake cin yankanta, akwai manyan tsutsotsi masu dafi waɗanda suka kashe wa masu koyo ayari ba adadi, akwai wani ɗan ɓarawo mai ƙyalƙyala dariya da kan fizge makami daga hannun jarumi ya ruga. A can hawa na ƙarshe kuma jan dodo mai aman wuta ke kwance. In jarumi ya mutu, ƙasusuwansa ke zubewa a ƙasa, sai 'yan'uwansa su kwasa su kai wani bagade na musamman inda ake tashinsa.

Da yake kome na kurkukun yana bin ƙa'ida ɗaya, masu wasa suka gano dabarun da ba a rubuta a littafi ba. Ƙofar ƙarfe mai saukowa daga sama ba ta san dodo ba, ba ta san mutum ba, saboda haka ana iya jawo dodo ya tsaya a ƙarƙashinta a danna maɓalli ta riƙa dukansa. Ana iya buɗe rami a ƙarƙashin ƙafarsa. Ana iya ajiye dutse a kan matakin da ke riƙe ƙofa a buɗe. Shahararriyar dabarar ita ce wadda ake kira rawa: a sari dodo, a goce gefe kafin ya rama, a juya, a jira ya biyo, a sāke sara. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, amma a wannan kurkuku sarkin wayo ya fi su duka.

HARSHEN TSAFI DA KOYO DA AIKI

Tsafin wasan wani ɗan harshe ne mai alamomi 24, an jera su sahu huɗu, shida shida, kowace da sunanta. Sahun farko na ƙarfi ne, daga LO mafi rauni zuwa MON mafi tsanani. Alamar FUL wuta ce, in aka furta ta bayan alamar ƙarfi sai haske ya bayyana. In aka ƙara mata IR, wadda ke nufin tashi sama, sai ta zama dunƙulen wuta mai tafiya. Alamar VI tare da kwalba a hannu tana ba da maganin rauni, ZO kuma na buɗe ƙofa. Littafin wasan ya bayyana ma'anar alamomin amma bai faɗi yadda ake haɗa su ba. Sai dai mutum ya tsinci takardu a lunguna, ko ya yi ta gwaji da hankalinsa. Kuma dole ya haddace su, domin wanda tsutsa ke ci ba shi da sukunin duba littafi.

Haka nan hanyar ƙaruwa. Fannoni huɗu ne: mayaƙi, da ninja gwanin jifa, da mai warkarwa, da matsafi, kuma ba a ɗaure kowa a fanni ɗaya ba. Wanda ya yi ta sara zai zama mayaƙi, wanda ya yi ta jifa hannunsa zai faɗa, wanda ya yi ta gwada ƙaramin tsafi yana kuskurewa wata rana zai iya babba. Yau da gobe ita ce malamar kowa a nan, kamar yadda take ga ɗan koyo a maƙera.

Ƙarshen labarin ma yana da darasi. Wanda ya sami Sandar Wuta ya koma ƙofa ya miƙa wa Librasulus, yana zaton shi ne na kirki, sakayyarsa mutuwa ce. Hanyar nasara ita ce a sauka can ƙasa a haɗa sandar da lu'ulu'un, a tsare Chaos, a mayar da rabi biyun su zama mutum ɗaya kamar dā.

KASUWA DA ƁARAYIN FAIFAI

Wasan ya karɓu nan da nan, musamman a Ingila da Faransa da Jamus ta Yamma inda Atari ST ta fi yawa. An ruwaito cewa an sayar da kwafi 40,000 a shekararsa ta farko, daga bisani kuma ya zama wasan da ya fi kowane ciniki a tarihin wannan na'ura. Da aka fitar da na kwamfutar Amiga a 1988 sai ya zamana yana bukatar megabayit ɗaya, alhali Amiga 500 da rabin haka take zuwa, mutane da yawa suka sayi ƙarin ma'adana saboda shi kaɗai. A 1989 mujallar Computer Gaming World ta Amurka ta sa shi cikin jerin wasanninta na girmamawa. A Japan ma ya sami masoya ƙwarai, aka mayar da shi kan na'urorin ƙasar, har da Super Famicom a 1991.

Wani abin da ya taimaki cinikin shi ne maganin da kamfanin ya yi wa masu satar kwafi, waɗanda a lokacin suka addabi masu wannan sana'a. An rubuta wani ɗan sashe na faifan ta yadda in na'ura ta karanta shi sau biyu ba za ta sami amsa iri ɗaya ba. Na'urar kwafi ta gida kuwa amsa ɗaya tsayayya take iya rubutawa. Wasan yakan koma ya duba wannan wuri a ɓoye lokaci lokaci, in ya tarar amsar ba ta sauyawa ya san faifan na sata ne. Ba ya nuna ya gane nan take. Yakan bar mutum ya yi nisa, wasan ya shiga ransa, sa'an nan ya daskare ko ya kashe masa ayari. Da yawa daga waɗanda abin ya faɗa wa sun ƙare da zuwa kanti.

'YA'YA DA JIKOKI

Kowa ya ga gonar da ta yi kyau yakan nemi irin. A Ingila aka yi Bloodwych a 1989, wanda mutum biyu ke yi tare, da Captive na Tony Crowther a 1990, wanda ya kai tsarin sararin samaniya ya ba mai wasa mutum-mutumin ƙarfe huɗu. A Amurka kamfanin Westwood ya fitar da Eye of the Beholder a 1991, ya ɗora ƙa'idojin Dungeons & Dragons a kan tsarin Dungeon Master, ya kai shi ga dimbin masu kwamfutocin IBM da ire-irensu tun kafin na asalin ya iso gare su a 1992. Kamfanin Raven ya fara sana'arsa da Black Crypt a 1992, Westwood kuma ya ƙara da Lands of Lore a 1993.

Wanda ya fi su nisa shi ne Ultima Underworld na 1992. Jagoran aikin, Paul Neurath, ya ambaci Dungeon Master cikin abubuwan da suka zaburar da shi. Wannan wasa ya riƙe hannun da ke ɗaukar kaya, da yunwa, da duhu, da tsafin alamomi, amma ya kawar da tafiyar taki ɗaya ɗaya: mutum na iya juyawa yadda ya so, ya dubi sama ko ƙasa, ya yi tsalle, ya yi iyo. A watan Disamba na 1993 kuma Doom ya fito ya nuna wa duniya irin saurin da kwamfuta ke iya yi.

LOKACI BAI JIRA SU BA

Su kuwa mutanen FTL, a 1989 sun fitar da Chaos Strikes Back, ci gaban labarin, mai tsananin wuya, wanda aka yi domin waɗanda suka gama na farko. Bayan haka ƙarfinsu ya tafi wajen mayar da wasan kan na'urori daban-daban. Dungeon Master II bai fito ba sai 1993 a Japan, bai kai ga yawancin masu kwamfuta na Amurka da Turai ba sai 1995. Yana da kantuna da ruwan sama da fili a waje, dodanninsa kuma sun ƙara wayo, amma har yanzu taki ɗaya ɗaya ake yi, jama'a kuwa sun riga sun ɗanɗani Underworld da Doom. Masu sharhi suka ce ya zo a makare. A 1996 kamfanin ya daina aiki. Wasa na ƙarshe mai ɗauke da sunan, Dungeon Master Nexus, a Japan kaɗai ya fito a 1998. Waɗanda suka koya wa dodanni kada su jira mutum, su ma kasuwa ba ta jira su ba.

Da kamfani ya rufe sai wasan ya shiga haɗarin da ke kan duk wani aikin kwamfuta. Littafi na iya shekara ɗari a kan kanta a buɗe shi a karanta, amma faifan maganaɗisu yana lalacewa, na'urar da ke karanta shi tana mutuwa, ga kuma maganin ɓarayin da ya hana a yi masa kwafi cikin sauƙi. Masoyansa ne suka cece shi. Wani daga cikinsu ya shafe wata shida yana warware manhajar Chaos Strikes Back ta Atari umurni bayan umurni, ya fitar da ita a 2001 yadda za ta yi aiki a kwamfutocin zamani. Waɗansu suka tattara taswirori da littattafai da bayanin kowane bugu, waɗansu kuma suka gina sababbin kurkuku da tsohon tsarin.

A watan Afrilu na 2012 wasu mutum huɗu a ƙasar Finland, masu kamfanin Almost Human, suka fitar da Legend of Grimrock: fursunoni huɗu a cikin dutse, taki ɗaya ɗaya, bakin wuta mai cinyewa, tsafin alamomi, har da rawar nan ta gocewa. Ba su ɓoye inda suka samo shi ba. Cikin kwanaki kaɗan suka mayar da kuɗin da suka kashe, kafin shekara ta zagayo sun sayar da fiye da kwafi 600,000, suka ƙara na biyu a 2014. Ashe tsarin da aka ce ya tsufa a 1995 bai mutu ba, masu sayarwa ne suka daina kawo shi kasuwa.

Sauran gadon kuwa ya bazu har ba a iya gane shi. Hoton jarumi da ake sa wa kaya a jiki, da jan abu da hannu daga ƙasa zuwa jaka, da gwanintar da ke ƙaruwa da yawan aiki kamar yadda ake gani a Skyrim na 2011, da duhun da ke sa mutum ya kasa kunne, duk sun zama ruwan dare a wasannin yau. Ba FTL ne ya ƙago kowane ɗayansu ba, amma shi ya fara ɗinke su wuri guda ya nuna cewa mai wasa ya fi son ya taɓa abu da hannunsa bisa ga a karanta masa lissafi. Matasan da ke sha'awar wannan sana'a, waɗanda galibi kukansu rashin kayan aiki ne, suna da abin dubawa a nan: mutum biyar ne da faifai ɗaya da launi 16. In an ga kuka ta yi girma, a tuna ƙwayar da ta fito daga ciki ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.